Zaren Wasiƙa: Yadda Amsa Ke Bin Sawun Tambaya a Imel

 Za mu yi magana a kan wani abu da ake gani ƙarami, alhali haƙƙin malami yakan rataya a kansa, wato yadda ake mayar da amsar wasiƙar imel, da yadda wasiƙu ke haɗuwa su zama zare guda.

Dalilin ɗauko wannan batu a fili yake. Harkokin aikinmu suna ta komawa cikin waya da kwamfuta. Neman ƙarin girma, rajistar malamai, neman gurbin ƙaro karatu, gyaran suna ko ranar haihuwa a takardun fansho, duk ana buƙatar adireshin imel a cikinsu, kuma ta nan amsa ke zuwa. Malamin da ya iya rubuta wasiƙa mai kyau amma bai san yadda amsa ke tafiya ba, zai iya shafe wata uku yana jiran abin da ya riga ya iso, ko ya aika bayanin da aka nema ya faɗa inda ba mai ganinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka gara mu fahimci abin tun buƙata ba ta matsa ba.

Da farko mu tuna cewa ɗaura amsa a kan tambaya tsohuwar al'ada ce a wurinmu. A farkon ƙarni na 19 an yi musayar wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno da shugabannin Sakkwato. Muhammadu Bello ya kawo wasiƙun a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, ya jera abin da aka rubuto da abin da aka mayar. Wannan jerawa ce ta sa har yau, bayan shekara fiye da 200, mai karatu ke iya bin muhawarar ya san wa ya ce me, kuma a kan wace magana aka ba da wace amsa. Da amsoshin kaɗai aka adana, da rabin ma'anar ta tafi.

Haka ma a ofisoshin gwamnati. Iyayenmu da ke nan sun san wasiƙar aiki takan ɗauki lamba a samanta, kuma mai ba da amsa sai ya ambaci lambar da ranar da aka rubuta ta kafin ya shiga magana. Da wannan lamba akawu ke gane fayil ɗin da zai saka takardar, ya huda ta, ya zura ta a igiya bisa 'yan uwanta. Takardar da ta zo ba lamba, ita ce ke kwana a kan tebur har ƙura ta rufe ta. To, abin da akawu ke yi da hannu, shi manhajar imel ke yi da kanta, sai dai a ɓoye take yinsa.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ne ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta wannan hanya a 1971, kuma shi ya zaɓi alamar @ domin ta raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. Da abin ya bazu, sai aka ga dole a yi ƙa'ida guda wadda kowace kwamfuta za ta bi. Wadda ta fi shahara ita ce RFC 822, da David Crocker ya tsara a 1982. An sabunta ta a 2001, aka sake sabuntawa a 2008. Wannan ƙa'ida ce ta sa mai akwati a Gmail ke iya rubuta wa mai akwati a Yahoo ko Outlook, kuma amsa ta dawo ba tare da ta ɓata ba.

A bisa ƙa'idar, kowace wasiƙa kashi biyu ce: kai da gangar jiki. Gangar jiki ita ce rubutun da muke karantawa. Kai kuwa jerin layuka ne, kaɗan daga ciki muke gani: daga wa, zuwa ga wa, ranar aikawa, da taken magana. Sauran a ɓoye suke, kuma uku daga cikinsu ne ke riƙe da zaren. Layi na farko shi ne lambar shaidar wasiƙa, wadda ake ba kowace wasiƙa a lokacin aikawa, kuma an tsara ta yadda ba za a sami wasiƙa biyu masu lamba ɗaya ba. Layi na biyu yana fitowa ne a kan amsa, yana ɗauke da lambar wasiƙar da ake amsawa, wato uwarta. Layi na uku shi ne salsala: lambar uwa, da ta kaka, da ta kakan kaka, har zuwa wasiƙar da ta buɗe zancen.

Mu ba da misali. A ce wata malama ta rubuta wa ofis cewa takardar ƙarin girmanta ta fito amma albashinta bai canja ba. Domin sauƙi, mu kira lambar wasiƙarta 101. Jami'i ya danna amsa ya nemi ta aiko da kwafin takardar. Amsarsa ita ce 102, kuma a kanta an rubuta cewa uwarta 101 ce. Malama ta danna amsa ta maƙala takardar. Wannan ita ce 103, uwarta 102, salsalarta 101 da 102. Idan aka sauya wa jami'in wurin aiki wani ya gaje shi, sabon zai buɗe akwatin ofis ya tarar da wasiƙu ukun a jere: ƙorafi, buƙata, da cika buƙata. Ba sai malama ta sake ba da labari daga farko ba.

Yanzu mu duba yadda zaren ke tsinkewa. Hanya ta farko ita ce mutum ya karanta wasiƙa, maimakon ya danna amsa, sai ya buɗe sabuwar wasiƙa ya rubuta, "Ga takardar da kuka nema." Wannan wasiƙa ba ta da uwa, ba ta da salsala. Za ta sauka ita kaɗai a cikin ɗaruruwan saƙonni, kuma mai karɓa zai tambayi kansa: wace takarda, wa ya nema, a kan wace magana? A zaren asali kuwa, abin da ke ƙarshe shi ne buƙatar jami'i, ba amsa a ƙarƙashinta. Duk wanda ya duba zai ɗauka malama ce ta yi shiru.

Hanya ta biyu kishiyar wannan ce. Mutum yana da sabuwar magana, amma don gudun neman adireshi sai ya lalubo wata tsohuwar wasiƙa, ya danna amsa, ya rubuta sabon batunsa a ciki. A idonsa sabuwar wasiƙa ce. A wurin manhaja kuwa 'yar tsohon zare ce, domin ɓoyayyun layukan nan sun bi ta. Ko da ya goge taken ya sa wani, akwai manhajojin da salsala kaɗai suke dubawa, sai su cusa ta ƙarƙashin tsohuwar maganar. Ta haka neman hutun haihuwa zai iya maƙalewa a ƙarƙashin sanarwar wasannin makarantu ta bara, wadda kowa ya riga ya gama da ita. Ƙa'idar a taƙaice: tsohuwar magana a danna amsa, sabuwar magana a buɗe sabuwar wasiƙa.

Taken magana ma yana da nasa aiki. Haruffan nan "Re:" da ke fitowa a gaban take idan an danna amsa, asalinsu daga Latin ne, ma'anarsu "game da batun". Kada a goge su, kada kuma a taɓa taken muddin batun bai sauya ba. Gmail, wanda aka ƙaddamar ranar 1 ga Afrilu 2004, shi ya saba wa jama'a da ganin wasiƙu a tattare wuri guda, kuma yana la'akari da take wajen haɗa su. Idan taken ya sauya sai ya buɗe sabon zare, haka nan idan zare ya wuce wasiƙa 100. Saboda haka tun a wasiƙar farko a zaɓi taken da zai iya ɗaukar zancen har ƙarshe. "Salam" ko "Gaggawa" ko "Ina neman taimako" ba take ba ne. Take shi ne irin "Ƙarin girma na 2023: rashin gyaran albashi", a haɗa da lambar fayil. Wanda zai nemi wasiƙar bayan shekara biyu, da waɗannan kalmomi zai same ta.

Sai tambaya ta gaba, wadda ta fi kowace haɗari: idan an danna amsa, wa zai karanta? Gurabun adireshi uku ne. Na farko na wanda ake magana da shi ne, wanda ake jiran ya yi wani abu. Na biyu, mai alamar Cc, na wanda ake so ya sani ne kawai. Sunan ya samo asali daga takardar kabon da ake sakawa tsakanin takardu biyu a keken rubutu domin a fitar da kwafi. Na uku, mai alamar Bcc, kwafi ne na ɓoye: wanda aka sa a nan zai sami wasiƙar, amma sauran ba za su ga sunansa ba.

Maɓallan amsa kuma biyu ne. Mai kibiya ɗaya yana mayar da amsa ga wanda ya aiko kaɗai. Mai kibiya biyu yana aika ta ga wanda ya aiko da duk waɗanda ke gurbi na farko da na biyu. A ce sakatare ya aika wa malamai 60 wasiƙa yana neman duk mai matsalar albashi ya aiko da bayanansa. Malamin da ya danna kibiya biyu ya rubuta lambar asusunsa na banki, da matakin albashinsa, da bashin da ya yi masa katutu, ya karanta wa mutum 60 sirrin gidansa ke nan. Magana zarar bunu ce. Gmail yana ba da damar janye wasiƙa, amma iyakarta daƙiƙa 30, kuma sai mutum ya shiga saiti ya zaɓi hakan, in ba haka ba daƙiƙa 5 ce kawai.

Wannan ba matsalar ƙananan wurare kaɗai ba ce. Ranar 14 ga Nuwamba 2016, wata wasiƙar gwaji ta tafi bisa kuskure ga ma'aikata kusan 840,000 na hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS. Wasu daga cikinsu suka riƙa danna amsa ga kowa suna cewa a daina aiko musu, kowace amsa kuma ta sake zagaye dukkan jama'ar, har wasiƙun aiki na gaske suka riƙa makara a ranar. Kowannensu yana ganin gyara yake yi, alhali ƙara wa wutar itace yake.

Amma kada mu ɗauka kibiya biyu abin gudu ce a kullum. Idan malami ya rubuta wa ofis ya sa sakataren reshe a gurbin kwafi domin ya zama shaida, to kowace amsa da zai mayar sai ya danna kibiya biyu. In ya danna ɗaya, sakatare ya fita daga zaren ke nan ba tare da kowa ya lura ba, kuma ranar da za a buƙaci shaidarsa, farkon maganar kaɗai ya sani. Abin da ake bukata shi ne a ɗaga ido a karanta sunayen da ke sama kafin a danna aikawa. Shi kuma wanda aka sa a kwafin ɓoye ya sani cewa idan ya danna amsa ga kowa, ya tona kansa, ya kuma tona wanda ya sa shi. Ga masu aika sanarwa ga jama'a da yawa, gurbin ɓoye shi ne ya dace da adireshin mutane, domin yana hana amsa ta watsu, yana kuma kare adireshin kowa. Tun daga watan Yuni 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a, saboda haka riƙon adireshi da lambobin 'yan uwa amana ce da doka ma ta san da ita.

Akwai maɓalli na uku, mai kibiya ta dama, na tura wasiƙa gaba ga wani, wanda ke sa alamar "Fwd:" a gaban take. Bambancinsa da amsa biyu ne. Na ɗaya, amsa ba ta ɗaukar takardun da aka maƙala wa wasiƙar asali, turawa gaba kuwa tana ɗauka. Wanda ya ƙara sabon mutum a cikin amsa ya ce masa "duba takardar da ke maƙale", bai aika masa komai ba. Na biyu, turawa gaba takan tafi da tsofaffin maganganun da ke jere a ƙasa. Sau da yawa manhaja takan naɗe su a ƙarƙashin ɗigo uku, mai turawa bai gansu ba, mai karɓa kuwa zai buɗe ya karanta. Maganar da abokai biyu suka yi a tsakaninsu game da hedimasta tana iya isa teburin hedimastan ta wannan hanya. A buɗe ɗigon, a karanta har ƙasa, sannan a tura.

Game da rubuta amsar kanta, mu malamai muna da abin da ya fi na kowa, domin kullum muna koya wa yara su rubuta lambar tambaya kafin amsa. Idan wasiƙa ta zo da tambaya uku, a amsa ukun, kowace a ƙarƙashin lambarta. Amsar "To, na gode" ga wasiƙa mai tambaya uku tana haifar da wata wasiƙar ne kawai. Idan za a ɗauko maganar wani a amsa ta, a ɗauko ta yadda ya faɗe ta, kada a datse ta yadda ma'anarta za ta juya. Mu kuma sani cewa tsohon rubutun da ke ƙasan amsa rubutu ne kamar kowane, hannu yana iya sauya shi. Idan gardama ta taso, asalin wasiƙar da ke cikin akwati ita ce hujja, ba kwafin da ke ƙasan amsar wani ba. Wani abu kuma: jinkirin amsa ya fi amsar fushi. Abin da aka faɗa a ofishin malamai iska na iya ɗauke shi, amma wanda aka rubuta a zare yana nan da ranarsa da sa'arsa.

Wajibi ne mu ambaci 'yan damfara, domin sun san wannan ilimi sarai. A cikin kan wasiƙa akwai wani layi da mai aikawa zai iya cikawa, wanda ke cewa idan an danna amsa ta tafi wani adireshi dabam da wanda ya bayyana a sama. An yi shi ne don amfani mai kyau, kamar shugaba ya aika sanarwa amsa ta tafi wurin sakatarensa. Mazambaci kuwa sai ya sa sunan wata hukuma a sama, ya sa nasa akwatin a wannan layi. Wani kuma yakan fara takensa da "Re:" domin a zaci ci gaban wata tsohuwar magana ce. Maganin abu ne mai sauƙi: bayan an danna amsa, a taɓa sunan da ya fito a gurbin adireshi, a karanta cikakken adireshin harafi bayan harafi. Wasiƙar da ta nemi kalmar sirri, ko lambar katin banki, ko kuɗin gaggauta ƙarin girma, ba ta cancanci amsa ba sam. A kira sakataren reshe a tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce, ai WhatsApp ya wadatar. Gaskiya ne yana da sauri, kuma shi ma yana ba da damar ɗaura amsa a kan saƙo. Sai dai saƙo ɗaya kaɗai yake nunawa a saman amsa, ba shi da take, mai aikawa yana iya goge abin da ya aiko, kuma idan waya ta ɓace ba tare da an yi ajiya ba, zancen ya tafi da ita. Wasiƙar imel kuwa tana zaune a kwamfutocin kamfanin da ke riƙe da akwatin, ana iya buɗe ta daga kowace waya. Bugu da ƙari, kowace kwamfutar da wasiƙar ta ratsa a hanya takan buga mata layi mai ɗauke da lokaci, tamkar hatimin gidan waya a bayan ambulan. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta a kotu idan an cika sharuɗɗansa. Ba muna fatan zuwa kotu ba ne, amma malamin da ke riƙe da cikakken zare yana magana da ƙarfin gwiwa a gaban kowane kwamiti.

Saboda haka muna gabatar wa reshe shawarwari huɗu. Na ɗaya, reshe ya riƙe akwatin imel na ofis wanda ba na wani mutum ba ne, domin idan shugabanci ya sauya zarurrukan su zauna, a miƙa kalmar sirri tare da sauran kayan ofis, sabon shugabanci kuma ya sauya ta. Na biyu, kowane ƙorafi ya zama da zarensa guda, da suna da lambar fayil a take, kada a haɗa matsalar mutum biyu a wasiƙa ɗaya. Na uku, duk maganar da aka yi baki da baki ko ta waya a kan wani ƙorafi, a bi ta da gajeriyar amsa a cikin zaren, a rubuta abin da aka amince da ranar da aka yi. Na huɗu, a kowace makaranta a sami malami ɗaya da zai zauna da 'yan uwansa, musamman iyayenmu masu shirin ritaya, ya nuna musu waɗannan maɓallai uku a kan wayoyinsu.

Ga iyalanmu da za su karanta wannan a mujallar reshe, musamman 'ya'yanmu da ke taya iyaye duba saƙo, muna roƙon ku da abu ɗaya: kada ku goge tsofaffin wasiƙun aiki don neman wuri a waya, kuma ku tabbata an rubuta adireshin da kalmar sirrinsa an adana a wuri amintacce. Watarana haƙƙin gida gaba ɗaya zai iya dogara da wasiƙa guda da aka aika shekara biyar da suka wuce.

'Yan uwa, mu ne muke koya wa yara cewa tambaya da amsa ba sa rabuwa. Mu riƙe wannan a wasiƙunmu: mu san abin da muke amsawa, mu san wanda zai karanta, mu bar sawu a fili domin wanda zai zo bayanmu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa albarka a aikinmu.